Lambar Sirri a Gidan Fatoma

Ku da kuke zuwa shagona kuna jingina da kanta kuna cewa ai wannan aiki ba komai ba ne, a jona rauta, akwatin nan mai raba intanet, a wuta, a jira fitila ta koma kore, shi ke nan, ina jin ku kuma ba na musu da ku. Wanda ya ƙera rautar ma haka yake so ku ɗauka, don ya sayar. Ni Garba, da ake ce wa Garba Mai Kebul a nan Illela, na shafe fiye da shekara ashirin ina haɗa kwamfutocin ofisoshi da junansu, ina haɗa su da intanet, kuma har yau mutanen da ke zaune kusa da na'ura sun fi na'urar ɗaure min kai. Zan ba ku labarin aiki ɗaya da na yi a gidan Alhaji Mainasara, amma sai na ɗan bi da ku ta baya tukuna, don ku san da wane irin kai na shiga gidan.

Aikin farko da aka ba ni a Sakkwato, wajen maigidana Malam Sani, shi ne matse kan kebul. Kebul ɗin netwok yana da siraran wayoyi takwas a cikinsa, kowace da launinta, kuma akwai tsarin da ake jera su kafin a cusa su a kan roba a matse da filaya. Farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Haka ya sa na riƙa biyawa da baki har na haddace. Idan na matse sai ya jona a testa, fitilu takwas su riƙa kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Da zarar ɗaya ta tsallake, sai ya datse kan ya jefa a wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin tebur, ya miƙo min kebul ɗin. Wata guda na yi ina cika masa gwangwani. Babban yatsana ya yi kanta, har yau in kun duba za ku ga wurin. Abin da ya fi yawan faɗa min shi ne in netwok ya ɗauke in fara duba abin da hannuna ya taɓa na ƙarshe, kafin in ɗora wa kamfanin waya laifi.

A wancan zamani intanet ɗin ofis ta wani babban kwano yake zuwa, wanda sai ƙarti huɗu sun ɗauka, a kafa shi da siminti a tsakar gida yana kallon sama. Ba kowa ke iya saye ba. Abin da manyan ofis suke so kuwa ɗan kaɗan ne: wasiƙa ta tafi Legas, amsa ta dawo kafin a tashi aiki. Idan ta tafi, kai gwani ne, har lemo ake aiko maka. Daga baya da layukan waya suka fara ɗaukar data, tambayar ta koma ta sauri. Kowa sai ya ce maka nasa ya fi na maƙwabcinsa gudu. Da aka samu saurin kuma sai aka koma cewa kada ya yanke, aka shiga sayen sola da batir da inbata, da rauta mai cin layi biyu don in ɗaya ya mutu ɗaya ya ɗauka. Abin da kamfanoni ke sa wa gaba yana canzawa kamar yayin atamfa, kuma ni abin yana ba ni sha'awa, domin duk sabon yayi da ya zo sai na koma ɗalibi.

Akwai wani aiki da na yi a ofishin masu fiton kaya da ke kusa da shingen iyaka, jim kaɗan bayan na dawo gida na buɗe shagona. Kwamfuta ɗaya ta ƙi ganin sauran. Na canza kebul, na canza kai, na sauke wannan na ɗora wancan, na kwana biyu ina zargin kwamfutar. Ashe zanzaro ne ya shiga ramin suwic, akwatin nan da dukkan kebul ke haɗuwa a ciki, ya gina ɗakinsa na laka, ya yi ƙwai. Da tsinken tsintsiya na gyara abin da na so in sa mutumin ya sayi sabuwar kwamfuta a kansa. Tun daga ranar, a jakata bayan filaya da testa da sukudireba da salatif, akwai tocila da tsinke. Ɓera ma abokin gabarmu ne, yana son robar kebul, musamman a gidan da ake ajiye hatsi. Wanda ya rubuta littafin da ke zuwa a kwalin rauta bai san waɗannan ba.

To, gidan Alhaji Mainasara gidan hatsi ne, kuma gidan fatoma ne tun kakanni. Wasunku yara ne, bari in faɗa muku abin da fatoma yake. Shi ne mai masaukin fatake. Baƙo ya zo da kayansa daga nesa, ya sauka a gidansa, ya ci ya sha ya kwana, fatoma ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Baƙo ba ya sauya fatoma da wasa, kuma fatoma ba ya ce wa baƙo babu. A zauren Alhaji akwai ƙusoshi a jere a bango, kowace da buta a rataye. Baƙon da ya daɗe da gidan yakan bar butar alwalarsa a nan, da alamarta, wani zare ja, wani guntun fata, don a san yana da wuri ko ba ya gari. Wadda ta fi kowace tsufa butar ƙarfe ce ta Baba Isuhu, wani dattijo mai fataucin wake daga Birnin Konni, wanda tun zamanin mahaifin Alhaji yake sauka a gidan. Duk sauran mutanen Konni a bayansa suke, inda ya sauke buhunsa nan suke sauke nasu.

Wani kamfani na Kano mai sayen wake da riɗi ya naɗa Alhaji wakilinsa, don ya ga duk kayan da ke shigowa daga ƙetare ta zaurensa suke bi. Aka gyara ɗakin da ke jikin zauren ya zama ofis, aka kawo kwamfuta uku da firinta da sikeli, aka ɗauki akawu. Ni na ja musu kebul, na bi da shi ta cikin bututun roba saboda ɓeraye, na kafa rauta a saman ƙofa. Wayifai ɗin kuwa na sa masa lambar sirri, na rubuta a takarda na ba akawu. A lokacin babu wanda ya damu da shi, domin kowa da datarsa a wayarsa.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda aka kashe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Kun san ta, wasunku a lokacin kuna tsallakawa Konni don ku kira 'yan matanku. Ni sana'ata ce ta mutu a tsaye. Mai haɗa netwok a garin da babu netwok, me zai haɗa? Na koma gyaran fanka da tocila, har rediyo na buɗe ban san kanta ba na mayar da ita da sauran ƙusoshi a hannuna. Wata rana na hau soron Alhaji in kwance eriyar da ta zama banza, sai na hango dogayen ƙarafan sabis na Konni, ga su can kamar ka miƙa hannu. Na tsaya ina tunanin ko iska ta san inda iyaka take. Na sauko na gaya wa Alhaji cewa da za a samu layin Nijar, ina so in gwada wani abu. Baba Isuhu yana zaune a kan buzunsa yana ji. Lahadi mai zuwa, ranar kasuwa, ya zo da layin a naɗe cikin takarda a aljihun gaban rigarsa, ya saya da sefarsa, kuɗin Nijar, ya yi masa rajista da sunansa.

“Ga shi, Garba,” in ji shi. “In rezo ya kama, to. In bai kama ba, ka ba yara su yi wasa.”

Rezo shi ne abin da mutanen Nijar ke kiran sabis. Na haɗa bututun ƙarfe biyu, na ɗaura eriya a ƙarshensu, na riƙa juya ta a hankali zuwa arewa, akawu yana ƙasa yana kallon fitila. Da ta koma kore sai na ji ya yi kabbara. Ofishin ya dawo aiki, alhali sauran ofisoshin gari suna aika takardu a mota.

Labari ya bazu kafin la'asar. Mutane suka fara tsayawa a bakin zaure suna ɗaga waya sama. Akawu ya so ya hana, Alhaji ya ce masa duk wanda ya sha ruwan randar gidan nan a ba shi lambar. Manoma daga Darna Sabon Gari suna zuwa su ji farashi. Tsofaffi mata daga Lafani suna zuwa a kira musu 'ya'yansu da ke kudu su ji muryarsu. Fulani masu shanu suna ɗaukar hoton bijimi a kara, kasuwar shanu, su zo nan su tura wa mai saye. Lambar da ake kira ta sirri, mai shayin ƙofar gida ya fi ni iya ta, yana faɗa yana zuba madara. Da aka dawo da layukanmu, al'adar ba ta tafi ba. Baƙo ya shigo, a ba shi ruwa, a ba shi tabarma, a ba shi lamba.

Bayan wani lokaci kamfanin ya shiga sabon yayi, wanda suke kira gajimare. Ma'anarsa ita ce bayanan ofis ba sa zama a kwamfutar ofis kuma, suna can a wasu manyan kwamfutoci masu nisa, sai ta intanet ake kaiwa gare su. Na daɗe ina mamakin wannan dabara, kuma tana da kyau, domin ko gobara ta cinye ofis takardu suna nan. Amma ta zo da sharaɗi: in layi ya yi nauyi, komai ya tsaya. Takardar awo da ake ba mai kaya bayan an ɗora buhunsa a sikeli, firinta ba ta fitar da ita sai ta samu amsa daga can. Ranar Lahadi kuwa zaure cike yake, kowa da waya, wani yana kallon kokawa, wani yana sauke wa'azi. Akawu sai ya zauna ya yi tagumi yana kallon wani ɗan zobe yana juyawa a allon kwamfuta, masu kaya suna tsaye a rana.

Kamfanin ya turo Injiniya Hadiza daga Kano ta duba. Yarinya ce a kaina, amma ta san aiki. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna min jerin duk wayoyin da ke kan rautarmu, tana ja ƙasa jerin bai ƙare ba, kuma ta ce tun tana Kano take ganin su. Ni a lokacin ban san ana iya haka daga nesa ba, na matso da kujera ina ta yi mata tambayoyi har ta fara dariya. Sannan ta gaya mana abin da ya kawo ta. A wani reshensu an shigo musu ta wayar wani baƙo wadda ke ɗauke da cutar kwamfuta, aka kulle musu bayanai gaba ɗaya. Yanzu abin da kamfani ya sa a gaba tsaro ne, ya wuce sauri, ya wuce komai. Sabuwar doka ita ce kada a yarda da kowace na'ura, ko ta wace ce, sai an tantance ta.

Alhaji ya gyara zama. “Ɗiyata, kada a yarda da kowa kika ce? Mu nan da yarda muka ci muka sha. Wanga gida ba shi da wata jari in ba ita ba.”

“Ranka ya daɗe, ba mutanen ake zargi ba,” in ji ta. “Wayoyinsu ne, su kansu ba su san abin da ke ciki ba. In aka ƙara ganin baƙuwar waya a kan layin ofis bayan wata guda, za su yanke reshen nan daga tsarin, su ba wani wakilcin. Ba ni ke yanke hukuncin ba.”

Da ta tafi, Alhaji ya kira ni gefe. Wakilcin nan shi ke riƙe da gidan a wannan zamani, baƙin nan kuma su ne dalilin wakilcin. “Garba, ba ni iya kallon baƙona in ce mishi a'a,” in ji shi. “Kai ka san dabarun abin ga. Ka yi dabarad da ba ta kunyata ni.”

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Na san ana iya raba netwok gida biyu, na ofis daban na baƙi daban. Amma tsohuwar rautarmu ba ta iya wannan, sai an rubuta wa Kano, a jira sabuwa, a ja wani kebul, a yi kwana biyu ana aiki a kan tsani. Ni kuma tun da na ga jerin nan a allon Injiniya, mutanen zaure suka koma min lambobi masu cinye layi. Na ce a raina ai kallon kokawa ne kawai, wa zai mutu don an hana shi? Na ɗauki hanya mai sauƙi. Ranar Asabar na canza lambar sirri, na ɓoye sunan wayifai ɗin yadda waya ba za ta gan shi ba, na ce wa akawu da mai shayi duk wanda ya tambaya a ce sabis ya lalace ana gyara. Minti biyar aikin ya ɗauke ni, har ina yaba wa kaina. Ba a ce wa kowa a'a ba, an dai ce babu.

Washegari Lahadi na zo in ga yadda ofis zai yi gudu. Yana gudu kuwa. Wajen azahar Baba Isuhu ya shigo da sauri, abin da ba halinsa ba. An tsayar da motar wakensa a shingen can ɓangarensu, direba yana buƙatar hoton wata takarda da ke hannun Baba, kuma layinsa na Nijar ba ya kamawa a cikin zaure saboda kaurin bango. Ya danna waya, ya sake dannawa, sai ya hango ni.

“Yauwa, Garba, Allah ya kawo ka. Rezon gidan ga ya ɓace min. Mi yaf faru?”

“Baba, lalacewa yay yi,” na ce. “Muna kan gyara.”

Ban rufe baki ba firinta ta fara ƙara a ofis, ƙofa a buɗe, takardar awo tana fitowa. Mutumin da ya saba tsayawa jiran takardar nan ya san sarai ba ta fita in babu rezo. Ya dubi firinta, ya dubi akawu da ya sunkuyar da kai, ya dawo da idonsa kaina. Kunya ta kama ni, amma na bar ƙaryar yadda take.

“To, Allah shi gyara,” in ji shi.

Ya fita bakin titi ya tura takardarsa daga ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro inda sabis ɗin Konni ke kamawa. Ya dawo ya yi alwala, ya yi salla, ya gaisa da kowa. Da zai tafi ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butar ƙarfen nan ya sa a jaka.

Lahadi mai zuwa mutanen Konni suka sauke a gidan wani fatoma da ke tsallaken titi, wanda bai daɗe da kafa ɗan ƙaramin farantin nan na tauraron ɗan'adam da ake yayi yanzu ba. Wakensu ya bi su can. Ofishinmu ga layi yana gudu, ga tsaro, babu baƙuwar waya ko ɗaya, sikeli kuma babu abin ɗorawa. Alhaji ya tsaya a zaure yana kallon ƙusar da babu komai a jikinta, ya aika a kira ni.

“Garba, mi kac ce ma Isuhu?”

Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage ba.

Ya juyo ya dube ni. “Dabara nic ce ka yi. Ban ce ka yi ƙarya da sunan gidana ba. Ubana na ya kafa ƙusag ga da hannunai.”

A ranar na kira Injiniya Hadiza. Ban fara mata da maganar rauta ba, na fara da fatoma, da randa, da butoci, da wanda ya kawo layin Nijar a aljihunsa. Na ce mata gidan Bahaushe yana da zaure yana da cikin gida, baƙo yana da iko da zaure, kuma bai taɓa jin haushi don ba a kai shi ciki ba. Sai ta ce, “Malam Garba, ai wannan akwai shi, me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?” Na amsa laifina. Ita ma ta ce a takardar da aka ba ta ta cike, an tambayi yawan kwamfutoci da yawan ma'aikata, babu layin da ya tambayi su wa ke zama a ƙofar ofis. Ta yi ta tambayata yadda fatoma ke aiki kamar yadda na yi ta tambayarta ranar nan. Cikin mako ta aiko da sabuwar rauta a motar haya.

Kwana biyun da na guje wa, sai da na yi su. Na ja sabon kebul zuwa zaure, na kafa wa baƙi nasu akwatin wayifai a saman randa. Na tsara shi yadda wayar baƙo za ta fita intanet amma ba za ta ga kwamfutar ofis ba, ko firinta, ko sikeli. Na ware wa ofis kasonsa na layi wanda ko zaure ya cika ba a taɓa shi, sauran na baƙi ne su raba. Layin Nijar ɗin nan na bar shi a matsayin na ko-ta-kwana. Injiniya ta duba daga Kano ta ce ya yi. Na sayi fenti shuɗi na rubuta lambar zaure a bango da manyan baƙaƙe, daidai inda mai shan ruwa zai ɗaga kai ya gani.

Sannan na hau babur na tsallaka Konni. Na samu Baba Isuhu a rumfarsa tsakanin buhuna yana ɗinke bakin wani da basilla. Ya sa aka kawo min ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce masa Alhaji bai san abin da na faɗa ba, ni na kulle, ni na yi ƙaryar, kuma na zo neman gafara.

Bai bar ɗinkinsa ba. “Garba, kowane gida da ɗakin da ba a shiga. Gidana ma akwai. Da kac ce min, Baba, kamfani ya ce a kulle, da ni da kaina za ni hwaɗa ma mutanena su yi haƙuri. Amma ka dube ni kac ce ya lalace, awa yaro ƙarami. Layin da ka fara haɗa abin ga da shi, sunan wa ke kai?”

“Sunanka, Baba.”

“To.” Ya ja zare ya datse da haƙori. “Na yahe maka. Ka gaida Alhaji, ka ce mishi ina tahe.”

Ya cika alkawari. Bayan Lahadi biyu butar ƙarfe ta koma kan ƙusarta, mutanen Konni suka biyo shi in ban da biyu ko uku da suka saba da tsallaken titi. Wakilci ya tsaya a gidan. Kamfanin ma, in ji Injiniya, ya sa a yi wa sauran rassansa irin wannan rabo. Yanzu yayin ya sake gaba, ana maganar kyamarori da na'urar da ke gano matsala da kanta ta aika saƙo Kano kafin akawu ya lura. Ina son in ga yadda take yi, kuma ina son in ga ko za ta gane zanzaro. Amma duk ofishin da aka kira ni yanzu, ba na buɗe jaka a ranar farko. Nakan nemi benci in zauna a ƙofa, in sha shayi, in ga su wa ke shigowa da abin da aka saba ba su. Masu ofis wasu suna ɗauka lalaci ne.

Har yau ni ke kula da netwok ɗin gidan Alhaji. Duk Lahadi nakan leƙa, in buɗe jerin wayoyin da ke kan layin zaure, yanzu a wayata ma ina iya gani. Na san sunan wayar Baba Isuhu, domin mai shagon da ya sayar masa ya rubuta sunansa da irin rubutun Faransanci, kuma na saba ganin ta a jerin tsohuwar rauta. Tun da ya dawo ba ta sake fitowa ba. Yana shan ruwan randa, yana cin tuwon gidan, yana kwana a zaure, yana yi min wasa in mun haɗu. In zai tura saƙo kuwa sai ya sa takalmi, ya fita bakin titi, ya tsaya wajen dogonyaron nan ya ɗaga waya sama yana neman rezon Konni, dattijo da furfurarsa, motoci suna wucewa.

Wata rana na kasa daurewa, na bi shi har can. Na ce, “Baba, ga lamba can a bango, ta kowa ce, ba sai ka hito rana ba.”

Ya juya ya hango bangon ta ƙofar zaure, ya ɗan yi murmushi.

“Na gani, Garba,” in ji shi. “Rubutunka na da kyau.”

Ya ci gaba da ɗaga wayarsa.